Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Ake Zaɓen Tukunyar Tururi Ta Masana'anta

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, ko ya ratsa Birnin Kebbi da Argungu, ko kuwa ya shiga Abakaliki ta Jihar Ebonyi, ba zai rasa hango dogayen bututan ƙarfe suna tuttuɗo hayaƙi daga bayan katangun injinan casar shinkafa ba. A gindin kowane bututu akwai wata ƙatuwar tukunya ta ƙarfe wadda ma'aikata ke kira boila, watau tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi. Ranar bikin buɗe masana'anta ba safai ake kai manyan baƙi wurinta ba, don tana can baya cikin zafi da toka, amma kuwa ran da ta ƙi aiki, ran nan kowa zai koma gida tun kafin azahar.

Cikin 'yan shekarun nan mutane da dama sun zuba dukiyarsu a sana'ar shinkafa. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi, sa'an nan aka rufe iyakokin ƙasar nan na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sai injinan casa suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Manyan kamfanoni irin su Labana a Birnin Kebbi, da WACOT a Argungu, da Umza a Kano, da na Imota wanda Gwamnatin Jihar Ikko ta buɗe a Janairun 2023, suna da injiniyoyinsu masu yi musu lissafi. Abin tausayi shi ne matsakaicin ɗan kasuwa wanda ya sayar da fili ko ya ci bashin banki, ya je gaban dillali aka tambaye shi, "Alhaji, tan nawa kake so?" shi kuwa ba shi da amsa sai abin da ya ga maƙwabcinsa ya saya, ya ɗan ƙara a kai don kada a ce an fi shi.

Wannan tambaya ba masu shinkafa kaɗai take fuskanta ba. Masu masaƙa, da majema, da masu matsar manja da man gyaɗa, da masu sabulu, da masu lemon kwalba, har da manyan asibitoci da otal-otal masu ɗakin wanki, duk da tururi suke aiki. An ɗauki shinkafa ne a nan don ita ce ta fi kusa da kowa.

Abin Da Ke Rubuce A Jikin Tukunya

Ba a auna girman tukunyar tururi da tsawo ko faɗi, sai da nauyin tururin da take iya fitarwa cikin awa ɗaya. In an ce tukunya mai tan 2 ce, ana nufin tana mai da kilo 2,000 na ruwa tururi a kowace awa. Waɗansu da suka fito daga Amurka kuwa da ƙarfin doki ake rubuta nasu, kuma kowane doki ɗaya na tukunya daidai yake da kilo 15 da 'yan kai na tururi a awa. Wannan doki dabam yake da dokin da ake auna injin mota da shi, kuma rikita su biyun ya sha jefa masu saye cikin nadama.

Dalilin da ya sa masana'antu ke ƙaunar tururi shi ne yawan zafin da yake ɗauke da shi. Zafin da ake bukata kafin tafasasshen ruwa ya rikiɗe ya zama tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a ɗaga ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Duk wannan zafi tururin yana riƙe da shi yana tafe cikin bututu, har ya isa inda ake aiki ya sauke shi, ya koma ruwa. In kuma an matsa shi, zafinsa sai ya ƙaru: a matsin bar 10 bisa geji, wanda shi ne aka fi gani a ƙananan masana'antu, zafin tururi ya kai wajen digiri 184.

To, ga inda tarko yake. Lambar da maƙera suka buga a farantin da ke manne a jikin tukunya galibi an lissafa ta ne bisa cewa ruwan da ke shiga ya riga ya kai digiri 100, kuma tururin yana fita ba matsi. Babu masana'antar da ke aiki a haka. Wanda ke ɗura wa tukunyarsa ruwan rijiyar burtsatse mai digiri 30, yana kuma neman matsin bar 10, abin da zai samu bai wuce kashi 85 cikin 100 na abin da aka rubuta ba. Watau tukunya mai tan 1 kilo 850 za ta ba shi, mai tan 2 kuma kilo 1,700. In ya dafa ruwan shigar har digiri 85 kafin ya ɗura, sai abin ya tashi zuwa wajen kashi 93. Dillali bai yi ƙarya ba, amma kuma da wuya ya faɗi wannan in ba a tambaye shi ba.

Lissafin Buhu Ɗari

Hanyar da ta fi sauƙi a gane batun ita ce a yi misali. A ɗauka ga mai inji da ke son guma shanshera buhu 100 masu kilo ɗari-ɗari a yini, watau tan 10. Alƙaluman da ke tafe na kwatance ne, kowane inji da nasa, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Gumi aiki uku ne, kamar yadda matan karkara suka daɗe suna yi da tukunya da tabarma: a jiƙa, a turara, a shanya. A masana'anta ana jiƙa shanshera cikin ruwan zafi na 'yan awoyi. In ruwan jiƙon tan 12 da rabi ne, za a kuma ɗaga shi daga digiri 30 zuwa 75, zai ci tururi wajen kilo 1,000. Turarawa kuwa ba ta daɗewa, a ce minti 15, ta ci kilo 600. Sai busarwa, wadda ita ce uwar cin tururi. Shansherar da ta shiga da laima kashi 14 cikin 100 takan fito daga gumi da laima sama da kashi 30, don haka akwai ruwa fiye da tan biyu da rabi da tilas a kore daga jikinta kafin a casa. In an ƙiyasta kilo ɗaya da rabi na tururi ga kowane kilo na ruwa, an tashi da wajen kilo 4,000, wanda injin busarwa zai sha a hankali cikin awa 10, watau kilo 400 a awa.

In an tara duka, bukatar yinin kilo 5,600 ce. A raba ta gida goma, sai a ga kilo 560 a awa. Mai gaggawa zai ce ashe tukunya mai tan 1 ta ishe shi har da ragi. Ba ta ishe shi ba. Kilo 600 ɗin nan na turarawa cikin rubu'in awa ake son sa, wanda ke nufin a wannan ɗan lokaci ana jan tururi da saurin kilo 2,400 a awa. In a daidai lokacin ne ake dafa ruwan jiƙon gaba cikin awa ɗaya, injin busarwa kuma yana aiki, to bukata ta kai kilo 3,800 a awa. A sa ragin ruwan sanyi da aka ambata, sai lissafi ya nuna tukunya mai tan 5.

Inji ɗaya, shinkafa ɗaya, amma wani lissafi ya ce tan 1, wani ya ce tan 5. Gaskiyar tana hannun wanda ke tsara aikin yini. In aka raba shansherar cikin tankuna huɗu ana turara su ɗaya bayan ɗaya, saurin jan tururi ya sauko daga 2,400 zuwa 600. In aka ba ruwan jiƙo awa biyu ya yi zafi maimakon ɗaya, nasa ya sauko zuwa 500. A haɗa da 400 na busarwa, ƙololuwar bukata ta tsaya a kilo 1,500, wanda tukunya mai tan 2 za ta ɗauka har da ɗan rara. Ba a rage ko buhu ɗaya ba, agogon aiki kawai aka gyara, tan 3 na ƙarfe ya fita daga cikin kuɗin saye.

Saboda haka kafin a je wurin dillali, aikin farko shi ne a zauna da takarda a rubuta kowane inji mai shan tururi, da yawan da yake sha, da matsin da yake so, da lokacin da yake buɗewa da rufewa tun daga asuba har tashi. Wanda ke da tsohuwar tukunya yana son canji ya fi sa'a, don yana iya auna ruwan da take sha awa-awa har tsawon mako biyu, ya san ainihin bukatarsa ba ƙiyasi ba. A kan ƙololuwar da aka samu injiniyoyi kan ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin 100 saboda zafin da ke zurarewa a bututu da kuma tsufan tukunya. Inda ake ɓata lissafi shi ne, mai zane ya ƙara nasa, dillali ya ƙara nasa, mai gida kuma ya ƙara nasa "saboda gaba", kowa bai san ɗan'uwansa ya riga ya ƙara ba.

Laifin Babba

Jama'a da yawa suna ganin in an sayi babba an huta, ai abin da ya yi yawa ba ya ɓaci. Ga tukunyar tururi yana ɓaci. Da fari dai, kowace tukunya tana zubar da zafi ta jikinta muddin tana kan wuta, ko ana jan tururi ko ba a ja. Wannan asara takan kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na cikakken ƙarfinta, kuma ba ta raguwa don aiki ya ragu. In an ɗauki kashi 2, mai tan 5 tana ɓarar da kwatankwacin kilo 100 na tururi a kowace awa, mai tan 2 kuwa kilo 40. A gwada wannan da kilo 560 da injin misalin nan ke bukata, sai a ga babbar tana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar a banza. Bugu da ƙari, kowace safiya sai an dafa ruwan cikinta da ƙarfenta gaba ɗaya kafin allurar geji ta motsa, da dare kuma zafin ya tafi a iska.

Mai ƙona man dizal ko iskar gas tana da nata ciwon. Kowane bakin wuta yana da iyakar da zai iya rage harshensa. Na gama-gari yakan sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na ƙarfinsa, ƙasa da haka sai ya mutu ya jira matsi ya faɗi ya sāke kamawa. Kafin kowace kamawa kuwa tilas fanka ta hura iska ta share murhu, don kada ragowar mai ya fashe, kuma wannan iska mai sanyi tana kwashe zafin da aka saya da kuɗi ta fitar da shi ta bututun hayaƙi. Ƙarfen da ke zafi yana sanyi sau da yawa a awa yakan gaji, bakin bututan ciki su fara yoyo. Mai ƙona ɓuntu kuwa ba a kashe wutarta da maɓalli. In an rufe tururi wuta na ci, matsi zai hau har bawul ɗin kariya ya buɗe da ƙara. Maƙwabta kan ɗauka alamar aiki ce, alhali dukiya ce ke tashi sama.

Adalci dai a faɗi cewa girma yana da ɗan amfaninsa. Tukunyar da wuta ke bi ta cikin bututanta ruwa na kewaye da su, wadda ita ce aka fi saya a ƙananan masana'antu, tana riƙe ruwa mai yawa, kuma in an ja tururi farat ɗaya wannan ruwa yana ba da agaji na ɗan lokaci. Amma mai irin wannan bukata ta fizga yana da magani mafi araha, watau rumbun tururi: tanki ne mai jure matsi da ake tara zafi cikinsa lokacin da aiki ya lafa, a kwasa lokacin da ya taso.

Laifin Ƙarama

Wanda ya bi araha shi ma yana da labari. In aka ja tururi fiye da ƙarfin tukunya, matsi yana faɗuwa, ruwan ciki ya yi ta bori yana bin tururi cikin bututu. Jiƙaƙƙen tururi ba ya dafa ƙwaya har ciki, sai shinkafa ta fito da fari a tsakiya, ta yi ta karyewa a injin casa, kuma duk ɗan kasuwar Dawanau ya san bambancin kuɗin tsayayyar shinkafa da karyayya. In kuma shanshera ta daɗe a jiƙe tana jiran layi, sai ta yi tsami, warin nan da ya daɗe yana ɓata sunan shinkafar gida ya kama ta.

Mafi muni shi ne abin da matsin lamba ke sa mai hura wuta ya aikata. Mai gida na faɗa, motoci na jira a ƙofa, sai ya ƙara wuta fiye da ƙima, wani ma har ya ɗaure bawul ɗin kariya don matsi ya hau. Ruwan da ke cikin tukunya mai matsi, in ƙarfe ya tsage, wani sashensa yana rikiɗewa ya zama tururi nan take, kuma tururi a sarari yana cin wuri fiye da ruwa sau 1,600. A ranar 20 ga Maris 1905, a garin Brockton na Jihar Massachusetts ta Amurka, wata tsohuwar tukunya da aka mayar bakin aiki a masana'antar takalma ta Grover ta fashe, ta ratsa benaye ta fita ta rufi, mutum 58 suka hallaka. Irin wannan masifa ce ta sa ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, ta buga kundin ƙa'idojin ƙera tukunya a 1915, wanda har yau ake sabunta shi ana aiki da shi a ƙasashe da yawa.

A Nijeriya Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta kowace tukunyar tururi ta kasance da bawul ɗin kariya, da gejin matsi, da gilashin ganin ruwa, kuma mai duba da hukuma ta amince da shi ya bincika ta aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata 14. Sashen duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke da alhakin wannan. Mai sayen tukunyar kwance, wadda aka cire daga rufaffen kamfani ko aka shigo da ita daga waje, ya kamata ya nemi takardunta, ya sa a auna kaurin ƙarfenta, a kuma gwada ta da matsin ruwa kafin ya biya. Sau da yawa arahar kwance ce ke sa mutum ya ɗauko mai tan 6 alhali aikinsa na tan 2 ne.

Makamashi Da Ruwa

Kuɗin sayen tukunya sau ɗaya ake biya, na makamashi kuwa kullum ne, kuma cikin shekarun da za ta yi tana aiki yakan ninka kuɗin sayen sau da yawa. Tan ɗaya na tururi yana cin man dizal lita 75 zuwa 90, gwargwadon zafin ruwan shiga da lafiyar tukunya. Mai karatu ya buga wannan da kuɗin lita a gidan mai na unguwarsu, ya ninka da kwanakin shekara. Masaƙun Kaduna sun ɗanɗana wannan. Kamfanin Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ya tsaya a 2002, na United Nigerian Textiles ya dakatar da aikinsa na Kaduna a 2007, kuma cikin dalilan da aka yi ta ambata, tare da fasa-ƙwaurin atamfa da rashin lantarki, akwai ƙarancin baƙin man da tukwanensu ke sha da tsadarsa.

Mai shinkafa Allah ya hutar da shi, don makamashinsa yana cikin buhunsa. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, don haka buhu 100 na ba da tan 2. Tan ɗaya na tururi yakan ci ɓuntu kilo 250 zuwa 300, watau kilo 5,600 na misalin nan zai ci tsakanin tan 1.4 da 1.7. Ya isa, amma ragin ba shi da yawa, kuma tukunyar da ta wuce ƙima tana iya lashe shi ta sa mai ɓuntu ya koma sayen itace. Sai dai ɓuntu yana barin toka mai yawa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, mai kaifi kamar yashi, tana cin bututu tana toshe shi. Murhunsa ma ya fi na mai girma, don haka ba a ɗaukar tukunyar da aka ƙera don dizal a cusa mata ɓuntu a sa ran samun tan ɗin da ke rubuce.

Ruwa kuwa shi ne abin da aka fi mantawa. Ruwan burtsatse na wurare da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa, wanda in ya dahu yake kwantawa a jikin bututu kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Ƙanzon nan yana tare zafi, mai ya ƙaru, tururi ya ragu, ƙarfe kuma ya yi ja ya kumbura. Da yawa daga cikin masu kukan tukunyarsu ta yi musu kaɗan, ba kaɗan ta yi ba, ƙanzo ne ya cinye ta. Kafin a yi odar sabuwa, a kai ruwan ɗakin gwaji, a sa na'urar tausasa shi, a naɗe bututan tururi da abin tare zafi, a toshe yoyo, a kuma mayar da ruwan zafin da ke fitowa daga injin busarwa cikin tankin ɗura. Duk digiri 6 da aka ƙara wa ruwan shiga yana rage makamashi wajen kashi 1 cikin 100.

Saura batun gaba, wanda shi ne hujjar kowane mai sayen babba. In faɗaɗawar tana kan takarda, an san wata da shekara, an kuma san inda kuɗin zai fito, to a sa ta cikin lissafi. In kuwa fata ce kawai, abin da ya fi shi ne a sayi daidai bukatar yau, a gina ɗakin tukunya da faɗin da zai ɗauki biyu, a ɗora babban bututun tururi mai kaurin da zai wadaci biyun, a bar masa baki guda a toshe. Ran da kasuwa ta buɗe sai a kawo ta biyu a jona. Masana'antar da ke da tukwane biyu matsakaita tana kunna ɗaya lokacin da shanshera ta yi wuya kafin kaka, ta kunna biyu in sabuwa ta shigo, kuma ranar da mai duba ya zo aka huce ɗaya aka buɗe cikinta, ɗayar tana nan tana busar da abin da aka jiƙa jiya.